Littafin da Yaya Sani Bai Ƙarasa Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani. A gonarsa ta Tamawa aka tsince shi wata la'asar, fartanya na hannunsa. Likita ya ce zuciya ce. Mu kuwa mun san tun ranar da ya ajiye kakin soja ya dawo daga Arewa maso Gabas, ba dukansa ne ya dawo ba.

Kafin ya tafi, mutum ne mai barkwanci, har Inna kan kore shi daga tsakar gida don ta samu ta yi aiki. Da ya dawo, ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ya daina kiran mutane da sunayensu, sai dai "wancan" da "waccan". Ranar da aka yi jana'izar abokinsa na ƙuruciya, ya tsaya bakin kabari kamar mai jiran mota.

Da yake ina koyar da Hausa a Dutsin-Ma, wata rana ya kawo mini littattafan rubutu uku. Labari yake rubutawa, na wani soja mai suna Lado. Akwai wurin da Lado ya zauna kusa da gawarwakin abokansa yana cin garau-garau, abin da ya dame shi kawai shi ne manjan ya yi kaɗan. A wani wurin ya harbe wani tsoho da ya fito neman akuyarsa, ya kasa tuna fuskarsa, amma yana tuna launin akuyar.

Na ce, "Yaya, ba wanda zai so wannan mutumin. Ka sa ya yi nadama, ko da kuka ne."

Ya ce, "Malama, in da yana iya kuka, ai da ban rubuta shi ba."

Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai ƙara ko layi ɗaya ba. Har yau ina zargin kaina.

A wancan lokacin, yaƙi abu ne na nesa, a rediyo muke jin sa. Yau ya iso mu har gida. Akwai gonakin da ba a iya nomawa, akwai hanyoyin da ba a bi in rana ta karkata. Samarin da na koyar suna saɓe da bindiga suna gadin gari, kuma ban ga laifinsu ba. Amma na ji yadda suke ba da labarin kisa suna dariya. Da Yaya na raye, ba na jin zai yi mamaki. Zai gane muryar.

Ɗansa Kabiru ya girma, bara ya ce zai shiga cikin masu gadin garin. Na ɗauko littattafan na ba shi, a tunanina mahaifinsa zai faɗa masa abin da ni na kasa. Kwana biyu ya dawo da su, fuskarsa a sake.

"Gwaggo, wallahi Ladon nan namiji ne."

To me ya rage na Yaya Sani? Gonar ta zama saura. Barkwancinsa Inna ta tafi da shi kabari. Gargaɗin da ya zauna ya rubuta da ragowar zuciyarsa, ɗansa na cikinsa ya karanta shi a matsayin kirari. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Kabiru kam ya karɓi tasa bindigar tun kafin girbi.