Littafin da Ake Buɗewa ta Dama

Ina shekarata ta biyu a jami'a a Tianhe, Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya zo sarin kaya. Shi ya tsaya mini wajen Baba har aka bar ni na zo karatu China, don haka duk ranar da ba ni da aji ni ce tafintarsa a kasuwar Canaan. Idan an gama ciniki ana ɗaure dila, sai in raɓe a kan kwali in buɗe littafina.

Littafin zane ne na Japanawa, fassarar Sinanci. Labarin wata 'yar sakandare ce mai tsiwa da wani sakaran yaro da ke zama a bayanta. Duk ajin an san suna son juna, su kaɗai ne ba su sani ba. Na ɗinka wa littafin riga da ƙyallen atamfa saboda damshin garin yana cin takarda. Kuma irin waɗannan littattafai ta dama ake buɗe su, kamar na Larabci.

Abin da ya ruɗi Kawu ke nan. Ya ga hijabi, ya ga littafi cikin riga, ya ga ina juya shafi ta dama. Ashe har sa abokansa yake su rage murya, wai 'yarsa ba ta rabuwa da littafin addu'a. Ni ban ma sani ba.

Rannan mai shagon da muke sari, wata sa'ata da Kawu ke kira laoban, wato mai shago da Sinanci, ta leƙo littafin ta buga ihu. Ashe ita ma mayyarsa ce. Ta zaro waya ta kunna fim ɗin zanen da aka yi da labarin, ta kai har hancin Kawu, daidai inda yarinyar ke kwaɗa wa yaron takalmi a ka. Abokansa suka ƙyalƙyale.

Kawu ya fizge littafin ya duba. "Ashe ba addu'a ba ce? Wannan shirmen kika zo yi? Yau zan kira babanki, ki tattara ki koma Kano."

Raina ya ɓaci. "Kawu, ni na ce maka addu'a ce? Sallata ina yi, jarrabawata ina ci. Sanyin farko da na yi a garin nan sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Wannan shirmen ne ya sa ni dariya, kuma wallahi ba na jin kunyarsa."

Na karɓi littafina na zare rigar a gabansu. Sannan na kira Baba da kaina, na faɗa masa komai, har da takalmin. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ban rage ko kalma ba.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Dariya kika ce kina yi?"

"E, Baba."

"Rabona da jin dariyarki tun rasuwar mahaifiyarki. Ba kawunki wayar."

Ban ji abin da ya faɗa masa ba. Kawu dai ya juya mana baya ya daɗe yana gyaran hula. Da ya miƙo mini wayar bai dube ni ba, ya ce, "To, ko rigar ki mayar masa."

Ban mayar ba. A jirgin ƙasa na komawa Tianhe na buɗe shi, bangonsa a waje, na yi dariyata da ƙarfi.