Shiftar Gayya ta Malama Jemimah

Malama Jemimah ba ta taɓa yarda cewa kunnen mutum ɗaya zai iya kama magana gaba ɗayanta ba, balle in Turanci ce. A kan wannan ta kafa ajinta, a kansa kuma muka sha faɗa da ita.

'Yar Filato ce, aure ya kawo ta Kakuri tun masaƙu na da rai. Masaƙa ta rufe, maigidan ya rasu, ita ma ta yi ritaya daga koyarwar firamare, amma zaman gida ya gagare ta. Sai ta roƙi kwamitin cocinmu a Sabon Tasha ya ara mata aji ɗaya a makarantar yara bayan an tashi. Mu matan kasuwa ne ɗalibanta. Bakinmu ya san ɗan Turancin ciniki, amma da an miƙo mana biro sai mu kasa rubuta ko kalma ɗaya. Ni Dorcas doya nake sayarwa, Grace tela ce, Rukayya kuwa tun daga Makera take hawo keke da mayafinta, ba ruwanta da masu kallon Musulma a harabar coci.

Ita ta raɗa wa aikin suna shiftar gayya. Za ta karanta ɗan gajeren labari da saurin da mutane ke magana, biro a ajiye. A karo na biyu kowa ta rubuta abin da kunnenta ya tsinta, kalma nan, rabin jimla can. Karo na uku kuwa babu shi, ko da za ki yi birgima. Daga nan sai mu zauna huɗu-huɗu, mu yi ta haɗa tsinte-tsintenmu da gardama har labarin ya tsaya da ƙafarsa.

"Malama, a ƙara ɗaya don Allah," nakan ce.

"Abin da ya wuce ki yana kunnen maƙwabciyarki," take amsawa. "Je ki roƙe ta."

Haushi nake ji, don ni ba na son roƙo. Amma ta haka na iya rubuta wa ɗana saƙo a waya ba tare da na nemi kowa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ita mai tura mu roƙo ba ta roƙon kowa. Ko jakarta ba ta bari a ɗaukar mata. Da idonta ya fara mutuwa ba ta faɗa ba. Mu muka gane, don sababbin labarai sun daina zuwa, sai tsofaffin da ta haddace, tana riƙe da littafi tana juya shafi don kada a ce. Muka yi shiru saboda muna ƙaunarta, kuma muna tsoron bakinta.

Magana dai ta kai kwamiti. Dama suna son ɗakin don ajiye kujeru. Suka turo Baba Harrison, ɗaya daga cikin dattawan coci, ya zauna a baya ya gani: in ba ta iya karatu, a rufe ajin. Ta sani, mu ma mun sani.

Ranar ta ɗauko labarin manomin da motar doyarsa ta maƙale a taɓo. Ta fara da muryarta mai kaifi, ta kai tsakiya, sai ta tsaya. Haddar ta kuɓuce mata. Ta kawo littafin dab da hancinta, ta mayar da shi nesa, leɓenta yana motsi babu sauti. Ban taɓa ganinta ƙarama haka ba, zuciyata ta karye.

Sai Rukayya ta faɗi jimlar da ke biye, a hankali, da Turancinta mai nauyi. Grace ta ɗora rabin ta gaba, ta maƙale, na ƙarasa mata. Wata daga bayan aji ta kawo zancen samarin ƙauye da suka tura motar. Haka muka yi ta miƙa wa juna har manomin ya isa kasuwa.

Malama ta ɗago fuska a murtuke. "Wa ya ce ku taya ni?"

"Malama," in ji Rukayya, "ke kika ce abin da ya wuce mutum yana kunnen maƙwabciyarsa."

Malama ta rufe littafin ta miƙa shi wajen da muryar ta fito.

"Zo ki karanta mana sabo. Sau biyu, kada ki ƙara ko da ni ce na roƙa."

Baba Harrison ya ɗauki hularsa ya fita, kuma har yau ba a sake tayar da zancen kujeru ba. Malama ta lalubo benci ta zauna kusa da ni. Rukayya ta karanta na farko, ta karanta na biyu, kowa ta duƙufa kan takardarta. Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna.

"Dorcas," ta ce ƙasa-ƙasa, "na kama farkon duka. Don Allah ara mini hannunki."