Tafkin Ƙofar Gidana

Surukina na tsaye a layinmu na Kwaciri, ya tattare babbar riga har gwiwa, yana neman inda zai taka. Ruwan saman jiya ya kwanta a ƙofar gidana saboda kwata ta toshe.

"Kai, wannan kogi haka!" in ji shi.

Sai 'yata Ummi, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta leƙo daga zaure.

"Alhaji, ba kogi ba ne. Malamarmu ta ce kogi gudu yake yi, yana da mafari da inda yake zubawa. Wanda ƙasa ta kewaye ya tsaya cak, tafki ne, kamar Tafkin Chadi."

Alhaji ya yi dariya. "To malama, shi wannan ya sunansa?"

"Tafkin Abba. Tun kafin damina Umma ke cewa ya yashe kwatar."

A gaban surukina, jama'a! Ban san sanda na ɗauko shebur ba. Kafin la'asar tafki ya koma kogi, ya nufi rafin Jakara.

Karatu dai yana shiga, ni na sha kunyar. Ku fa, tafkin layinku sunan wa ya ci?