Ƙahon Bishop a Hayin Fadama

Matso kusa, gyara zama, ka ji labarin Clarrie Dunstan, maharbin ɓauna na fadamun Arnhem, wanda har yau ake gardamar shekarar da ya yi wankan ƙarshe.

Shekara talatin yana kai attajiran baƙi farauta a ƙasar dangin Goggo Maudie. Su baƙin ƙaho kawai suke so, su kafa a bango su riƙa yi wa surukai ƙarya. Sai su harbe bijimi su tafi. Matan ɓauna kuwa suna ta haihuwa, suna tattake fadama har ruwan gishiri ya kutso, dinya, agwagwar fadama, ta daina saka ƙwai.

Rannan Goggo ta same shi yana gashin nama.

"Kai tsohon banza, damina biyu ban ɗanɗana ƙwan dinya ba. In ta uku ta wuce haka, ka tattara tsummokaranka ka bar mana ƙasa."

"Haba Goggo, ina za ni? Ko karena ba ya son birnin Darwin."

"Karen ya zauna. Kai ne za ka tafi."

Clarrie ya kwana biyu yana susar gemu. Akwai wani tsohon bijimi mai ƙaho kamar ƙofar gareji, wanda yake kira Bishop saboda tafiyar ƙasaita. Sai ya kafa doka: duk baƙon da ke son Bishop, sai ya fara kayar da matan ɓauna biyar, naman ya tafi gidajen dangin Goggo. Yakan nuna Bishop daga nesa da madubin hange, baƙo ya haɗiye yawu, ya shiga aiki. Ranar da aka zo kan Bishop kuwa, da an saita bindiga sai tari ya sarƙe Clarrie, bijimi ya faɗa ciyawa.

"Taba ce, yallaɓai," in ji shi. "Sai baɗi."

Ana haka, kafin damina ta uku, tsufa ya kashe Bishop a cikin taɓo. Clarrie ya zauna a gefensa, hula a hannu, yana ganin Darwin a idonsa. Goggo ta zo ta dubi gawar, ta dube shi.

"Baƙin naka sun taɓa ganin ƙafarsa?"

"A'a, ƙaho dai."

"To, mene ne na zaman makoki?"

Su biyu suka yanke kan Bishop suka ɗaure shi a kututture, can hayin fadama, cikin doguwar ciyawa, inda kada ke hana kowa ƙetarawa. Baƙi suka ci gaba da hange suna yaba natsuwarsa, suna ta kayar da matan ɓauna.

Daminar nan Goggo ta aiko masa da dafaffen ƙwan dinya shida, ta ce huɗu na kare ne.

To kai mai sauraro, wa za a gode wa a kan dawowar dinya: maƙaryacin, ko mamacin, ko waɗanda aka yi wa wayo?