Falmatar Baffa Maina

Ku da kuka san Baffa Maina na Katuzu, kun san kafin ka gan shi sai ka ji shi. Ƙas-ƙas-ƙas! Aljihunsa ne, cike da ƙwallon dabino da aduwa da magarya. A gidan biki ana rububin shinkafa, shi yana tsugune yana tsintar abin da mutane suka tofar. Ni da yake ƙanin mahaifina, kunya kamar in nutse.

"Baffa, don Allah!"

"Bukar, rana tana zuwa da kasuwa za ta ci babu abin sayarwa. A ranar za ka gaishe ni."

Gonarsa kuwa, wai gona! Gawo, goruba, kuka, wake ya hau gero, kabewa ta bi ƙasa, ko kara bai yarda a ƙona ba. Tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi, tsit, har maƙwabta suka ce gonar aljanu ce. Da labari ya kai masa sai ya ce, "Madalla. Aljani dai bai taɓa aika ni sayen taki ba."

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Nguru ya zo da jakar kuɗi, zai sayi gonar ya gina gidan mai. Baffa ya zaro takarda ɗaya daga jakar, ya miƙa masa.

"Tauna, Alhaji."

"In tauna me?"

"To, kai ma ba ka iya ci ba, ni za ka ba wa?"

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne bishiyoyin. Kowace da sunan wani a dangi. Ya gaishe ta, ya yi taku bakwai gabas, ya buga ƙafa a ƙasa, ya saurara. Wata rana ya nuna min wata aduwa.

"Gaida Falmata."

"Wace Falmata? Ba mu da Falmata."

"Ba ta iso ba tukuna."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba.

Da ya rasu, bai bar ɗa ba, gonar ta faɗo hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, nan da nan na yi wa Alhajin alkawari, aka sa Asabar za a zo awo. Shekarar ce kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Na zaga kasuwar Gashuwa na dawo da buhu a naɗe, ga matata a kan gaɓar haihuwa.

Ta haihu, mace. Na bar wa surukina zaɓin suna, mutumin Yusufari da bai taɓa taka Katuzu ba. Ya sunkuyo ya ce min, "Falmata."

Wallahi nan take na tuna aduwar Baffa.

Washegari da hantsi na ɗauki fartanya na nufi aduwar nan. Taku bakwai gabas. Na buga ƙafa, ƙasa ta amsa kamar ganga. Na tona: zana, ƙarƙashinta ƙaiƙayi, ƙarƙashinsa gero, rami guda, ko ƙwaro bai taɓa ba. A kai an ɗora wani ɗan gora. Na ɗaga shi.

Ƙas-ƙas-ƙas.

Sai da na waiwaya, na rantse. Babu kowa, sai bishiyoyi tsaitsaye, kowace da sunan wani. Ban san lokacin da na ce "Baffa, ina kwana" ba.

Da geron aka dama wa mai jego kunu. Ranar Asabar Alhaji ya zo da masu awo da jakarsa, na zaro takarda ɗaya na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi aljihuna da na cika da ƙwallon da ke cikin goran nan, ya juya.

Allah Ya jiƙan Baffa Maina, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Yadda ya tanadar wa wadda bai gani ba, Allah Ya sa ya tarar da nasa tanadin a can.