Gunvor da Rigar Tsira ta Sunniva

Kafin gari ya gama wayewa, in ka ji tayar keke mai ƙusoshi tana cizon ƙanƙara a gangaren coci, to Gunvor Myklevoll ce ta fito. Ba ta sauri, ba ta kuma makara. Takan jingine keken a jikin tsohon ɗakin ajiye komar kamun kifi na bakin tashar jiragen ruwa, ta hau bene, ta kunna abin ɗumama ɗaki, ta ɗora kofi, ta kwaɓa ƙullun waina. Daga nan sai ta jawo wani akwatin kifi na roba daga ƙarƙashin tebur ta ajiye gaban kujerarta, domin in ta zauna ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Gajeriya ce, kanta fari fat, muryarta ba ta cika ɗaki, amma in ta yi shiru kowa ma sai ya yi.

Benen nan shi ne makarantar manya ta garinmu, a nan arewacin Norway. Nan ake tara waɗanda suka tsere wa karatu da wuri, rayuwa kuma ta koro su. Shekaru masu yawa Gunvor tana koyar da darasi ɗaya a wurin, mai suna Jinsi da Fasaha. A farkon bazarar nan ta ajiye aiki. Babu jaridar da ta buga, babu wanda ya zo daga birni da lambar yabo. Shi ya sa ya kamata a faɗa, tun tana ji da kunnenta.

A tambayi Eskil Brox. Yana ɗan shekara sha shida ya fice daga makaranta. Ya yi aikin gyaran kifi, ya yi na jirgin fito, ya yi fenti, babu inda ya daɗe. Da ya so koyon gyaran injin jirgi aka ce sai da takarda, sai ya zo benen. Ya ga an rubuta “fasaha”, ya ɗauka injuna za a kwance.

Ranar farko ko rabin darasi ba a yi ba ya fara kaɗa ƙafa. Can ya miƙe ya nufi taga. Ya san abin da ke biyo baya, don tun yana ƙarami yake jin sa: zauna, ko ka fita.

“Kai mai jar hula,” in ji Gunvor, “kujerar ce ta cije ka?”

“Zama ne ba na iyawa.”

“To tsaya mana. Wanda ya ƙera ta bai san da kai ba. Amma tunda kana tsaye, cire wainar can kar ta ƙone.”

Tun daga ranar a tsaye Eskil yake ɗaukar darasi, da cokalin ƙullu a hannu. Da ta lura takardun karatu suna dawowa daga aljihunsa a duƙunƙune, ba ta yi masa faɗa ba. Karanta su ta riƙa yi da muryarta tana tura masa a waya, yana saurare yana yawo a bakin teku.

Yadda take koyarwa ɗaya ne, ba ta canzawa. Kowa zai kawo wani abu daga gida ko wurin aiki, a ɗora kan tebur, a ba wanda ba don shi aka yi abin ba ya gwada. Sai ta yi tambayarta: “Da jikin wa aka auna?”

Bodil, wata mai aiki a gidan kula da tsofaffi, ta kawo wayar da aka raba musu a wurin aiki. Ta ce ba ta iya danna ta da hannu ɗaya, alhali ɗaya hannun yana riƙe da tsoho kar ya faɗi.

“Ki ƙara cin kifi hannun ya girma,” in ji Eskil.

Gunvor ta miƙa masa safar hannu ta roba daga wurin aikin su Bodil, ta ce ya sa ya ɓalle maɓallin rigarsa. Yana tura yatsu safar ta yage har wuyan hannu.

“Ka rage cin kifi, ɗan saurayi,” in ji Bodil. Aji ya kwashe da dariya.

“Kun gani,” Gunvor ta ce bayan an lafa. “Masu sayo wayar ba su tuna da hannun Bodil ba, masu sayo safar ba su zaci namiji zai zo aikin ba. Yawanci ba mugunta ba ce. Mutum yakan auna da wanda ya saba gani a gabansa. Amma wanda aka manta da shi, shi ke ji a jikinsa.”

Da layi ya zo kan Eskil, sai ya ɗauko rigar tsira daga jirgin kawunsa Oddvar, irin mai launin ruwan lemon nan da ake zurawa tun daga ƙafa har ka in jirgi zai nutse. Don raha ya kawo ta. Ya sa, ta zauna masa daidai, ya yi ta tafiyar agwagwa a gaban allo.

“Su wa ke fita da Oddvar kamun kifin hunturun bana?” Gunvor ta tambaya.

“Shi, da mutanensa biyu na kullum, sai ƙanwata Sunniva. Bana ne fitarta ta farko.”

“’Yar siririyar nan? Kira mana ita.”

Sunniva ta zo washegari tana ƙunƙuni. Ta shige cikin rigar ta ɓace. Hannuwan rigar suna lilo, gwiwar ta sauko mata har idon sawu.

“Lemo ya yi ƙafa!” in ji Eskil.

“Rufe mana baki, ɗan firamare mai gemu,” ta ce daga can ciki.

Kowa na dariya ban da Gunvor. Ta sauko daga kujerarta, ta ja zif ɗin har ƙarshe, sannan ta zura hannunta ta gefen haɓar Sunniva. Hannun ya shige gaba ɗaya. Ta bar shi a nan, ta juyo ta dubi Eskil. A garinmu babu mai buƙatar a yi masa bayanin ruwan teku na hunturu. Nan take ya daina dariya.

Da yammacin ranar ya sami kawunsa a jirgi, yana gyaran igiya tare da mutanensa.

“Kawu, rigar nan ba ta yi wa Sunniva ba. Ruwa zai shiga.”

Oddvar bai ko ɗago ba. “Rigar nan an duba ta, ga hatimi a jiki. Ɗan zaman da ka yi a bene kana suyar waina, shi ne ka sauko koya mini teku?” Mutanensa suka yi ƙasa da kai suna murmushi. “In ba ta yi mata ba, ai da sauƙi. Ta zauna a gida.”

Sunniva ta daina yi wa Eskil magana. Sau ɗaya ta tare shi a ƙofar kicin, idonta jawur. “Tun ina ’yar yarinya nake roƙon a ɗauke ni. Ka buɗe baki sau ɗaya ka rushe mini. Zan sa rigar a haka, ina ruwanka?”

Abin da ya rage ke nan: ko ta fita da rigar da ba za ta cece ta ba, ko ta rasa gurbin da ta daɗe tana nema. Eskil ya hau bene da safe kafin kowa ya zo, ya ce da Gunvor ya bar aji. “Darasinki ya raba ni da ’yar’uwata. Da ban sani ba da ya fi mini.”

Gunvor, a nan ne muka san ke ce. Da wata ce, da ta kare kanta, ta ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Ke kuwa kofi kika zuba masa, kika ce: “Laifina ne. Na nuna maka ramin, ban nuna maka yadda ake faɗa ba. Ba a gyara wa mai jirgi magana a cikin jirginsa, a gaban mutanensa. Ba ni zuwa Asabar. In bai yiwu ba, ka tafi, ba zan riƙe ka ba.”

Abin da ta yi, sai ɗan garinmu zai gane ƙarfinsa. A nan mutum zai iya ƙin shawara, zai iya ƙin umarni, amma ba ya ƙin aikin gayya. Wanda aka kira gayya bai zo ba, har jikokinsa sai sun ji labari. Gunvor ta ari wurin ninƙaya na makarantar yara, ta hau kekenta ta je har bakin jirgi, ta tsaya a kan gada ba ta taka ciki ba.

“Oddvar, taimako na zo nema. Muna gayya ranar Asabar. Ɗalibaina ’yan tudu ne, ba su san yadda ake sa rigar tsira a faɗa ruwa ba. Ina son wanda ya san teku ya nuna musu. Akwai waina da cukwi.”

“Cukwin nan mai ruwan ƙasa?”

“Da wanne za a ci waina in ba shi ba?”

Ya zo, har da taje gemu. Ya tsaya gaban aji ya yi bayani da murya mai kauri, ya zura rigar cikin ƙiftawar ido, ya faɗa ruwa, ya taso a rigingine yana yawo kamar gungume. Aka tafa masa. Ya ji daɗi, kowa ya gani.

“Madalla,” in ji Gunvor. “Yanzu nuna wa ma’aikaciyarka. Kai za ka ja mata zif da hannunka.”

Oddvar ya fito yana ɗiga, ya taya Sunniva shiga ɗaya rigar. Da ya ja zif ɗin zuwa haɓarta, Eskil ya ga yatsunsa sun ɗan tsaya. Mai tsaron wurin ya matso bakin ruwa, domin Gunvor ta riga ta yi masa magana. Sunniva ta harari yayanta, ta yi tsalle.

Iskar da ke cikin rigar ta gudu zuwa ƙafafu. Ƙafafun suka taso sama, kanta ya yi ƙasa, ruwa ya riƙa kwarara ta wuya. Tana ta fafutukar juyowa, hannuwan rigar marasa kowa suna dukan ruwa a banza. Eskil bai san lokacin da ya faɗa ruwan ba, da takalmi da jar hularsa. Ya tarar kawunsa ya riga shi, ya tallabo kanta da hannu biyu.

“Ku sake ni,” ta ce tana tari, “ai ban mutu ba!”

Aka fito da ita, aka zare rigar, aka ɗaga ta. Ruwan da ya zubo daga ƙafafun ya malale har gindin bango. Oddvar ya daɗe yana kallon sa.

“Wannan ruwan ɗumi ne,” ya ce.

Gunvor ta miƙa masa waina. Ya riƙe bai ci ba. Can ya ce, “Gunvor, kina da abin awo?” Tana da shi a aljihu, tun safe. Shi da kansa ya auna ’yar ƙanwarsa, tsawo da wuya da hannu, ranar Litinin ya bi jirgin fito zuwa birni don sayo mata riga.

Sunniva ta yi hunturunta a teku ta dawo lafiya. Rigarta tana rataye kusa da ta kawunta, da sunanta a ƙirji, ko sau ɗaya ruwan teku bai taɓa ta ba, kuma fatanmu kar ya taɓa. Eskil ya gama aji, a tsaye. Yanzu yana koyon gyaran inji, kuma an ce ya dame su da tambayar wanda zai iya kai hannu ga wane makunni.

Ke ce mai sa a gani ba tare da an kunyata kowa ba. Ke ce kika mai da mai taurin kai malami, don ya gano da hannunsa abin da ba zai karɓa daga bakin yaro ba. Ke ce kika karɓi waɗanda makaranta ta tofar, ba ki taɓa tambayar mu me ya hana mu zama ba.

Ranar sallamarta an cika benen, har da Oddvar a bakin ƙofa da hula a hannu. Bodil ta kawo kek. Eskil ya shigo a makare, ɗauke da wani abu a lulluɓe da bargo. Kujera ce ta katako, shi ya ƙera ta. Duk shekarun nan ɗalibai suna shiga suna fita, suna koyon tambayar Gunvor, babu wanda ya dubi akwatin kifin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Shi ya duba. Ya auna tsawon akwatin a ɓoye, ya rage shi daga ƙafafun kujerar.

Ta zauna. Tafin ƙafarta ya sauka a ƙasa, daram. Ta dubi ƙafafun, ta ɗan motsa su.

“Ba za ki tambaya ba?” in ji Sunniva.

“Na san amsar,” ta ce. “Eskil, cire wainar can kar ta ƙone.”

Mun gode, Gunvor. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai, ki zauna ƙafarki a ƙasa. Ku kuma da kuke karanta wannan, ba sai kun buɗe aji ba. Gobe in kun je wurin aiki, ku dubi hannun wanda ke kusa da ku, ku dubi abin da aka ba shi ya riƙe. In bai yi masa ba, kar ku yi dariya ku wuce. Ku nemo abin awo.