Harawar da Na Naɗe da Asuba

Ranar Litinin ta farkon watan Nuwamba, a shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula, mahaifina ya tsaya a bakin gonarmu ta wake da jakar tafiya a kafaɗarsa, ya kira ni. An aiko bayan sujadar Lahadi cewa yayansa ya rasu a garinsu, tafiyar yini guda a mota, kuma ba zai dawo ba sai bayan mako. Mahaifiyata tana jego, jaririn bai cika kwana ashirin ba. Ni ce babba a gidan, shekarata goma sha biyu, ina aji shida. A gabanmu harawar wake ce shimfiɗe a kan kunyoyi, wadda muka yanke bayan mun gama roro, ganyenta ya bushe amma bai rasa korensa ba. Baba ya sunkuya ya ɗauki reshe ɗaya, ya murɗa shi a gaban idona, sannan ya sa mini a hannu. "Rifkatu, ki jira rana ta sauko daga kan ɗorawar nan zuwa gindinta," in ji shi. "Idan kika murɗa kika ji sanyi a yatsa, da sauran lokaci. Idan ya karye ƙas, kin makara, ki bari sai gobe." Na ce to. Ya maimaita, na sake cewa to, sannan ya kama hanyar bakin titi.

Saniya ɗaya ce gare mu, kuma dominta ake wannan aiki duka. Baba ya yi shekara ashirin yana kula da shanun madara a gonar mishan, da aka rufe gonar kuwa, ita aka ba shi sallama tun tana maraƙa. Ruwa biyu ce, uwarta farar saniyar Fulani, ubanta bijimin Turai, jikinta baƙi da fari, hantsarta kamar tulu. Alheri muka sa mata. Ba ta iya doguwar tafiya, ba ta jure zafin rana, saboda haka a turke take kwana take yini ƙarƙashin rumfar ciyawa, mu muke kai mata abinci a rabin ganga. Akwai wani Bafillace da ake kira Jauro, wanda rugarsa take bayan rafinmu, duk ranar da ya biyo da garkensa sai ya tsaya a jikin shinge ya gaishe ta kafin ya gai da Baba. "Ranki ya daɗe, an kawo miki kalaci?" Sannan ya juya ya ce, "Malam Yohanna, wannan ai ba saniya ka samu ba, hakimi ka ajiye a gida." Baba yakan ce masa ya kawo shanunsa biyar a tatsa, a auna da tata ita kaɗai. Jauro bai taɓa kawowa ba.

A gidanmu aikin rani tun da damina yake farawa. Gamba da kyasuwa Baba yake sa mu yanka da lauje kafin su fitar da kai, domin a cewarsa ciyawar da ta yi fure ta riga ta ba iri ƙarfinta, kara kawai ta bar wa saniya. A inuwa ake shanya su, ana juyawa safe da yamma. Dusar da ta fito daga surfe ba a zubar da ko tafi ɗaya, a buhu ake tara ta, a dama da ruwa da ɗan kanwa lokacin tatsa. Rumfar ajiya tana bayan ɗakin girki, dogayen dirkoki shida, an zuba toka a gindin kowanne saboda gara, kuma ƙarƙashinta ne muke taruwa da ƙannena da 'yan matan maƙwabta muna 'yar carafke da tsakuwa har Mama ta kira mu ɗebo ruwa. Harawa ita ce babbar ajiya. Ita ke riƙe madara idan ƙasa ta bushe. A sauran shekaru akwai fadama a gangaren ƙauyenmu wadda ba ta rasa ɗanyar ciyawa ko da tsakiyar rani, amma a wannan shekara katafiloli sun sauka a kanta, sun baje ta, tifofi suna juye jar ƙasa, domin an ce babban birnin ƙasa za a gina a nan. Wurin bai da nisa da inda tashar motocin Utako take yanzu. Baba ya je ya duba sau ɗaya, ya dawo ya ce bana abin da ke kan rumfa shi ne kawai.

Makarantarmu ta mishan ce, ko da yake gwamnati ta riga ta karɓe ta. Malaman dai su ne na da, horon ma shi ne na da. Ana duba farce da wuyan riga kowace safiya, wanda ya makara kuma ya durƙusa a kan tsakuwa, sannan ya ɗauki langalanga ya share bayan aji. A shekara shida ban taɓa durƙusawa ba. Saboda haka ne Hedimasta ya ba ni aikin buga ƙararrawa, wani guntun ƙarfe da aka rataye a bishiyar mangwaro, ya kuma faɗa a gaban taron ɗalibai cewa da ni ake saita agogo. Ƙarfe bakwai da rabi nake bugawa. Na sani tun ranakun hutu da muke aiki a gonar cewa rana ba ta isa gindin ɗorawa sai wajen takwas saura. Tsakanin gona da makaranta kuma akwai tafiyar rabin awa.

Ina so in faɗi abin da na yi daidai yadda ya faru. Ban manta da umarnin ba, ban kuma kasa fahimtarsa ba. Harawa idan ta bushe ƙayau da tsakar rana ba ta naɗuwa, ganyen zubewa yake yi, alhali ganyen shi ne abincin. Saboda haka ake jira raɓa ta tausasa ta, sannan a jira rana ta sha raɓar, a naɗe a ɗan tsakanin nan. Da yamma ba ta naɗuwa, Asabar kuma ta yi nisa, domin shanun makiyaya sun fara shiga gonakin da aka girbe. Ban je wurin Hedimasta neman izini ba, domin ban san yadda ake buɗe baki a nemi izinin makara ba. Sai na riƙa tashi da asuba, in isa gona gari bai gama wayewa ba, raɓa tana jiƙa mini zane har gwiwa. Na murɗa reshe, na ji sanyi a yatsa, na naɗe. Kwana huɗu na yi ina haka, ƙannena suna kwasowa da yamma muna ɗorawa a rumfa. Da danshin nan harawar ta yi laushi kamar tsumma, ko ganye ɗaya bai faɗi ba, na matse kowane dami sosai, na ɗaure shi ɗauri uku, na jera su kai ɗaya. Kowace safiya kuma ƙararrawa ta buga a kan lokaci.

Da Baba ya dawo, bai shiga ɗaki ba sai da ya zagaya rumfar. A lokacin rana ta riga ta busar da bayan damman, sun yi kyau ƙwarai. Ya taɓa biyu ko uku, ya duba ɗaurin, ya ce wa Mama, "Ko a gonar mishan ban ga naɗi irin wannan ba." Mutum ne da ba ya yabo. A iya sanina wannan ne karo ɗaya da ya yabi aikina ina ji. Na sunkuyar da kai, na ɗauki jakarsa na kai ɗaki.

Rani ya shigo, muka fara da busasshiyar ciyawa, sannan harawar gyaɗa 'yar kaɗan da Baba ya naɗe da hannunsa. Alheri tana cika ƙwarya biyu safe da yamma. Ɗaya ta gida ce, ɗaya kuma wani kuku daga sansanin ma'aikatan gini yake zuwa karɓa a kan keke. A watan Fabrairu aka zo kan tawa. Baba ya hau tsani ya sauko da dami ɗaya, ya kwance ɗaurin, ya buɗe. Cikin baƙi ne, ya manne wuri ɗaya, farar fumfuna ta lulluɓe shi, wani ƙura-ƙura mai wari ya tashi. Ya ajiye, ya sauko da na biyu, da na uku. Bai tsallake ko ɗaya ba. Har la'asar yana buɗewa yana sunsunawa yana jerawa a tsakar gida, ni kuma ina tsaye riƙe da tsanin. Da ya buɗe na ƙarshe ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da asuba kika naɗe."

Na ce, "I, Baba."

"Saboda makaranta."

"I."

Ya ce, "To." Ya karkaɗe hannunsa ya tafi ɗebo wa saniya ruwa.

Na jira duka, bai zo ba. Mun ɓare bayan damman, abin da bai ruɓe ba, muka zuba mata. Ta sunsuna ta kau da kai. Sauran kuwa, Baba ya ƙone shi a bayan gida don kada yunwa ta sa ta ci ya kashe ta. Daga nan muka shiga neman abinci. Mun sassara karan dawa mun yayyafa ruwan kanwa, mun sare ganyen gawo da na marke, mun bi gidaje muna roƙon dusa, amma ƙauyen ya cika da baƙi masu kiwon kaji da awaki, kowa yana riƙe da tasa. Duk inda muka san akwai ciyawa, muka je muka tarar da turakun awo da jan fenti. Jauro ya zo sallama zai gangara kudu da garkensa, ya tsaya a shinge, bai yi wasan da ya saba ba. Ya ce, "Ba ni ita in tafi da ita, Malam, in dawo maka da ita da damina." Baba ya ce ba za ta yi yini biyu a hanya ba, kuma su biyun sun san gaskiya ne.

Ƙwarya biyu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma rabi, sannan hantsar ta yamutse. Haƙarƙarinta ya fito ana ƙirgawa. Wata safiya a ƙarshen Maris ta kwanta ta kasa tashi sai da maza uku suka ɗaga ta da itace. Kukun nan yana wurin, ya kaɗa kai ya ce, "Oga, wannan saniya ya gama fa. Gara ka ba mu yanzu da sauran nama." Washegari ya dawo da mutanensa da motar a-kori-kura. Baba da kansa ya kwance ta daga turke, ya wanke rabin gangar, ya kife. Ni na wanke ƙafata na tafi makaranta. Mako uku bayan haka aka yi ruwan farko.

Baba bai sake kiwo ba. Da aka tashe mu daga ƙauyen ya kama aikin gadi, kuma har ya rasu bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na yi ritaya ina shugabar makaranta, an san ni da tsanani, ban kuwa musa ba. Yanzu ina zaune a bene na biyu a Wuse, inda babu ƙasar da za a kafa turke. Jikokina madarar kwali suke sha, daga firji, ba su san akwai wani watan da take yankewa ba. Sukan sha rabi su bar kofin a kan tebur su ruga wurin motar makaranta, ni in zubar da ragowar in wanke. Ba na yi musu faɗa a kan wannan, ko da yake ina yi a kan komai. Ban yi kuka ba ranar da aka tafi da Alheri, har yau kuma ban samu ranar yin sa ba.